ABUBUWAN DA KE JUYA KASUWANCI DAGA WAJE: MISALI DAGA AKURBA TA LAFIYA

GABATARWA

Kowane mai sana'a ya san abubuwan da ke hannunsa, watau jarinsa, da kayan aikinsa, da yaran shagonsa, da lokacin da yake buɗewa da rufewa, da irin fuskar da yake tarbar mai saye da ita. Idan ɗayansu ya gurɓace, gyaransa yana wuyansa. Amma akwai waɗansu abubuwa da ba shi ya kawo su ba, ba kuma shi zai kawar da su ba, alhali kuwa sau da yawa su ne ke yanke hukuncin ko zai tashi kasuwa da riba ko da faɗuwa. Wutar lantarki, da hanyar mota, da kuɗin mai, da darajar naira, da dokokin Gwamnati, da damina, da zaman lafiya, da abin da ke gudana a kasuwannin ƙasashen waje, dukansu suna shiga shago ba tare da sallama ba.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a, musamman ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, yadda waɗannan abubuwa suke aiki. An ɗauki Akurba, wadda ke gefen birnin Lafiya a Jihar Nasarawa, don ta zama misali, domin a 'yan shekarun nan kusan kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa ta. Abin da ake so mai karatu ya fahimta shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Kowane canji da ya sami kasuwa yana da mafari, yana da hanyar da yake bi, kuma galibi yana da alamun da mai lura zai gani kafin ya iso. Wanda ya san hanyar yakan sa abin cikin lissafinsa tun da sauran lokaci. Wanda bai sani ba kuwa, sai dai ya wayi gari ya ga jarinsa ya zaizaye, ya rasa wanda zai tuhuma.

1. WURIN DA TARIHINSA

Akurba tana gabas da tsakiyar Lafiya, a kan hanyar da ta bi ta Assakio da Namu ta kai Shandam a Jihar Filato. Ta wannan hanya ce shinkafa da doya da riɗi da agushi na ƙauyukan gabas suke shigowa birni. Sana'o'in wurin su ne waɗanda ake samu a kowace unguwa da birni ya tarar: walda, da niƙa, da buga bulo, da kafinta, da ɗinki, da sayar da ƙanƙara da kayan masarufi.

Tarihin Lafiya kansa ya isa shaida a kan ƙarfin abubuwan waje. Barebari ne suka kafa garin wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal, ta ratsa shi a shekarun 1920, ta haɗu da ta Kaduna a 1927, sa'an nan aka buɗe gadar Makurɗi a kan Kogin Binuwai a 1932. Ba fataken Lafiya suka shata wannan hanya ba, amma ita ce ta kai amfanin gonar ƙasarsu kasuwanni masu nisa, ta kuma jawo baƙi suka zauna. Da harkar jirgin ta durƙushe, kaya suka koma kan mota, ciniki ya bar tasha ya bi bakin titi.

Haka kuma, a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama babban birninta. Ma'aikata suka taru, kuɗin haya da na fili suka tashi, magina da masu bulo suka sami aiki. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Lafiya tana da mutum fiye da 330,000, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya a garin. Birni ya yi ta miƙewa har ya haɗiye wurare irin su Akurba, gonaki suka zama filayen gini. Duk wannan shawara ce da aka yanke a wani wuri dabam, amma a aljihun mutanen Akurba ta bayyana.

2. WUTAR LANTARKI

A ranar 24 ga Fabrairu 2022 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe babbar tashar karɓar wutar lantarki a Akurba, wadda kamfanin Gwamnati mai suna NDPHC ya gina. Tashar tana karɓar wuta mai ƙarfin kilobolt 330 daga babban layin da ke tsakanin Makurɗi da Jos, ta sauke ta zuwa kilobolt 132, sa'an nan zuwa 33, domin a iya rarraba ta cikin gari. Kafin nan, duk da kasancewarta babban birnin jiha, Lafiya ta dogara ne da dogon layi mai ƙaramin ƙarfi da ya taso daga Akwanga. Wutar takan iso a raunane, ƙwan lantarki ya kama, amma injin walda ko na niƙa ya ƙi tashi. Zuwan tashar ya buɗe ƙofa ga sana'o'in da a da ba sa yiwuwa sai da janareta.

To, amma ya kamata mai karatu ya san cewa wuta tana bi ta hannu huɗu kafin ta iso shagonsa. Na farko su ne masu samar da ita. Fiye da kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar nan daga tashoshin iskar gas take fitowa, yawancinsu a kudu, saura kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Na biyu shi ne kamfanin TCN na Gwamnatin Tarayya, mai dakon wutar a manyan layuka. Na uku shi ne kamfanin rarrabawa, wanda tun daga Nuwamba 2013 aka sa hannun 'yan kasuwa a cikinsa. A Jihar Nasarawa kamfanin AEDC ne. Na huɗu kuma ita ce taransfomar unguwa da wayoyinta. Idan hannu ɗaya ya saki, sauran ukun ba su da abin da za su miƙa.

An ga haka a fili a watan Oktoba 2024. A ranar 21 ga watan, layuka biyu da ke tsakanin Ugwuaji a Jihar Inugu da Apir kusa da Makurɗi suka faɗi. Da ma ɓata-gari sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, saboda haka jihohin arewa da yawa suka shiga duhu, sai ranar 30 ga watan aka maido da wuta ta wannan hanya zuwa Lafiya da Jos da Kano. Tashar Akurba tana nan lafiya lau a waɗannan kwanaki, sai dai wayar da ke ciyar da ita daga nesa take. Mai sayar da ƙanƙara ba ya jure kwana biyu babu wuta. Mai walda kuwa, ko dai ya rufe, ko ya sayi mai ya ƙara wa mai ba shi aiki kuɗi.

Kuɗin wutar ma hukuma ce ke tsayar da shi. An kasa layukan gari kashi biyar, daga rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kowane ma'auni, watau ya ninka fiye da sau uku. Mai injin da yake kan irin wannan layi ya sami wuta, amma lissafinsa na wata ya canja gaba ɗaya. Saboda haka, kafin mutum ya kama shago ko ya kafa inji, wajibi ne ya tambayi rukunin layin da ke wurin.

3. HANYA DA KUƊIN MAI

Babbar hanyar da ta taso daga Keffi ta bi ta Akwanga da Lafiya zuwa Makurɗi ta fi kilomita 200. An mai da ita tagwaye da rancen da aka karɓo daga ƙasar Sin, kamfanin China Harbour ya yi aikin. Tafiya ta yi sauri, lalacewar motoci ta ragu, doya da tumatir suna isa kasuwa kafin su ruɓe. A watan Fabrairu 2025 aka fara karɓar kuɗin wucewa a kanta, daga naira 500 ga ƙaramar mota zuwa naira 1,600 ga manyan motoci. Direba ba ya biyan wannan kuɗi daga aljihunsa, a kan buhu yake ɗora shi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kuɗin mai. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Rasha da Yukiren, man dizal ya ninka fiye da sau biyu a ƙasar nan, kuma da shi ne tireloli da manyan injinan casar shinkafa suke aiki. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, a Oktoba 2024 kuma ta haura naira 1,000 a Abuja.

Tashin kuɗin mai yana cizon ɗan kasuwa ta fuska biyu. Ta fuskar farko, kuɗin dako yana ƙaruwa. Wanda ya sayi ƙwaryar doya a Agyaragu don ya kai Kano ko Legas, tilas ya rage abin da zai ba manomi, ko ya ƙara wa mai saye, ko ya haƙura da wani yanki na ribarsa. Ta fuska ta biyu, mai sayen kansa ya tashi da aljihu mara nauyi, domin kuɗin acaba da na mota sun cinye abin da zai kai wa tela ko kafinta. Shi ya sa sana'ar da ba ta taɓa sayen mai ba ma takan ji a jikinta.

4. DARAJAR NAIRA DA TSADAR KAYA

Kaya da yawa da ke shagunan Akurba, ko kuwa abin da aka yi su da shi, daga waje ake shigo da su da dala: kayan gyaran inji, da maganin feshi, da alkamar da ake yin fulawa, da magunguna, da wayoyin hannu. A tsakiyar Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a Fabrairu 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda, bisa ma'aunin da ake aiki da shi a lokacin.

Wannan ba sabon abu ba ne. Dattawa suna tune da 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da na watannin baya, kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya suka yi kaɗan, tsada ta haura kashi 30 cikin ɗari. Suna kuma tune da 1986, lokacin da aka fara gwanjon kuɗin waje, naira ta faɗi warwas.

Haɗarin tsada ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne, tana cin jari a ɓoye, mai shi yana ganin kamar riba yake ci. A ɗauka mai shago ya sari katan 20 na sabulu a kan naira 10,000 kowane, watau naira 200,000. Ya sayar da su naira 11,500 kowane, ya tara naira 230,000. A ganinsa ya ci ribar naira 30,000, sai ya kai ta gida aka yi cefane. Da ya koma sari, ya tarar katan ya zama naira 12,500. Naira 200,000 da ke hannunsa katan 16 kaɗai za ta saya. Ko da bai taɓa ko kwabo ba, katan 18 zai samu. Idan aka yi haka sau uku ko huɗu, kanta ta zama kango, alhali ba a yi masa sata ba.

Maganin da Babban Banki yakan yi wa tsada shi ne ɗaga kuɗin ruwa, domin a rage yawan kuɗin da ke yawo. A Nuwamba 2024 ya kai ma'auninsa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Wanda ribar sana'arsa ba ta kai kuɗin ruwan da ake nema ba, idan ya ci bashin, banki yake yi wa aiki.

5. DOKOKI DA MANUFOFIN GWAMNATI

Kowace manufa ta Gwamnati tana da dalilinta, amma ba ta faɗa wa kowa daidai wa daida. Shinkafa ta isa misali, tun da Lafiya gari ne na masu casa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu don a hana fasa-ƙwaurin shinkafar waje, ba a fara buɗe su ba sai a Disamba 2020. Shanshera ta yi daraja, manoma suka faɗaɗa gonaki, aka kafa sababbin injina, mai saye kuwa ya biya da tsada. A Yuli 2024, da tsadar abinci ta tsananta, aka ba da sanarwar ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan waɗansu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Farashin hatsi ya sauka a 2025, magidanta suka sami sauƙi, amma wanda ya sayi kaya da tsada ya ajiye yana jiran tashi ya yi asara.

Misali na biyu shi ne canjin kuɗi. A Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma aka sa musu wa'adi, saboda haka a watannin farko na 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A kasuwannin ƙauye, inda ciniki hannu da hannu ne, manoma sun karyar da kaya ga duk wanda ya zo da tsaba. Mai shagon da yake da asusun banki da na'urar POS ya ci gaba da ciniki, maƙwabcinsa da ba shi da su ya zauna yana kallo.

Har wa yau akwai haraji. An ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairu 2020, amma an keɓe kayan abinci na yau da kullum. A Yuni 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairu 2026. Wajibi ne ɗan kasuwa ya je ofishin haraji ya tambayi abin da ya hau kansa da abin da aka ɗauke masa, domin rashin sani yakan sa mutum ya biya abin da doka ba ta nema ba.

6. KASUWAR DUNIYA

Jihar Nasarawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi a Nijeriya, tare da Jigawa da Binuwai, kuma mafi yawan riɗin ƙasashen waje ake kai shi, irin su Japan da Sin da Turkiyya. Saboda haka farashinsa a Lafiya ko Doma ba a nan ake yanke shi ba. Idan damina ta yi kyau a Indiya, riɗi ya yi yawa a duniya, farashi yakan sauka. Idan yaƙi ya hana Sudan fitar da nata yadda ta saba, kamar wanda ya ɓarke a Afrilu 2023, masu saye sukan juyo wajen waɗansu ƙasashe. Idan dala ta tashi, buhun riɗi yakan tashi a naira, amma taki da maganin feshi ma suna tashi tare da shi. Dā Hukumomin Ciniki ne ke tsayar da farashin amfanin gona irin su gyaɗa da auduga, aka rushe su a 1986. Tun daga nan babu katanga tsakanin manomi da kasuwar duniya.

Ƙasashen da ke saye suna kuma da dokokinsu na tsabtar abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Laifin waɗansu masu ajiya ne, amma kowa ya sha hukuncin. Mai sayen riɗi da ya zuba masa maganin da ba a yarda da shi ba, ko ya gauraya shi da yashi, kasuwar jiha gaba ɗaya yake yi wa illa.

7. DAMINA DA ZAMAN LAFIYA

A ƙasar Lafiya ruwa yakan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan ya makara, ko ya ɗauke a tsakiya, amfanin gona ya ragu, kuma tela da mai kayan gini za su gane haka da kaka, lokacin da manomi ya saba yin ɗinki da rufin ɗaki. Idan ya yi yawa, ga ambaliya. A 2012 da 2022 Kogin Binuwai ya cika ya batse, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. A 2022 ruwan ya shanye fiye da hekta 4,000 na gonar shinkafar kamfanin Olam da ke Rukubi a Ƙaramar Hukumar Doma, ban da gonakin talakawa a Awe da sauran garuruwan bakin kogi. Akurba ba ta bakin kogi, amma injin casa ba ya aiki sai da shanshera.

Zaman lafiya kuwa shi ne uwar ciniki. Rikicin da ya shafi Assakio da Obi a 2013, da na manoma da makiyaya a Awe da Keana da Doma a 2018, sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, sun sa direbobi sun ƙaurace wa waɗansu hanyoyi. Lafiya gari ne da Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa da sauran jama'a suke cin kasuwa ɗaya. Duk ranar da aka rasa ɗayansu a kasuwa, an rasa ko mai kawo kaya ko mai saye.

8. JAMA'A DA SABABBIN NA'URORI

Ciniki yana bin kwanan wata. Birnin ma'aikata ne, saboda haka kasuwa takan motsa idan an yi albashi, ta kwanta idan an yi jinkiri. Azumi da Salla da Kirsimeti da komawar 'yan makaranta kowanne yana da kayansa. Idan ɗalibai suka tafi hutu, ko aka shiga yajin aiki, masu abinci da masu ɗakunan haya ne suke fara sani. Na'urori ma suna sake fasalin sana'a. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, manomi yana iya jin farashin Dawanau ta Kano kafin dillali ya iso gonarsa. Faifan hasken rana kuma ya sa mai aski da mai cajin waya sun rage dogaro da janareta.

9. ABIN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA YI

Ba a neman mai shago ya gyara darajar naira ko ya tsare Kogin Binuwai. Abin da ake nema gare shi shi ne shiri, tun ran gini tun ran zane. Ga waɗansu matakai:

(a) Ya riƙa rubuta shiga da fita kullum, ya raba kuɗin gida da na sana'a. Ya sa farashi bisa abin da zai biya idan ya koma sari. Ya kuma riƙa auna jarinsa da yawan kaya, domin yawan kuɗi yana ruɗi a lokacin tsada.

(b) Ya zauna ya gano abubuwan waje da sana'arsa ta fi rataya a kansu. Na mai walda wuta ce da kuɗin ƙarfe. Na mai casa shanshera ce da dizal da dokar shigo da shinkafa. Na mai sayen riɗi dala ce da damina. Waɗannan su ne zai sa wa ido.

(c) Ya riƙa sauraron sanarwar hukuma a rediyo. Hukumar Kula da Yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, akan kuma yi gargaɗin ambaliya kafin ruwa ya iso. An yi watanni ana maganar janye tallafin mai kafin a janye shi, canjin kuɗi ma an sanar da shi tun watanni uku kafin wa'adin farko.

(d) Ya nemi mita, domin ya biya abin da ya sha kawai. Ya tanadi hanya ta biyu ta samun wuta gwargwadon ƙarfinsa, da hanya ta biyu ta karɓar kuɗi, da wurin sari fiye da ɗaya. Ya kuma riƙa ware wani abu daga riba don ranar da kasuwa ta tsaya.

(e) Ya shiga ƙungiyar sana'arsa ko ta gama-kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma da suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota ɗaya sun rage kuɗin dako, kuma kukan ƙungiya a kan lalatacciyar taransfoma ko harajin da ba ya bisa ƙa'ida ya fi na mutum ɗaya isa kunnen hukuma.

(f) Ya yi wa sana'arsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, mai yin abinci ko ruwan leda kuma ya nemi lambar NAFDAC. Kada ya biya kowane haraji sai da rasit. Rajista ce ke buɗe ƙofar Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, da Bankin Masana'antu, da Bankin Manoma. Manomi kuma ya tambayi inshorar amfanin gona ta hukumar NAIC.

(g) Kafin ya ci bashi, ya gwada ribar da yake samu da abin da za a ɗora masa. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa aiki da shi, waɗanda suka fara a ƙasar nan tun 2012.

(h) Ya ɗauki wayoyin wuta da taransfoma da hanya a matsayin kayan sana'arsa. Idan ya ga mai lalata su, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Ya kuma guji yaɗa jita-jitar da za ta haɗa jama'a faɗa.

KAMMALAWA

Tashar Akurba ta nuna cewa aikin Gwamnati guda ɗaya yana iya raya sana'o'i masu yawa, duhun Oktoba 2024 kuma ya nuna cewa abin da ya faru a wata jiha yana iya tsayar da su. Hakkin hukuma ne ta samar da wuta da hanya da tsaro, ta kuma sanar da jama'a manufofinta a kan lokaci. Hakkin ɗan kasuwa ne ya saurara, ya yi tambaya, ya yi lissafi. Ana roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa 'yan'uwansa da ba su sami damar karantawa ba, shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su tattauna abin da ke ciki a tarurrukansu. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin ciniki na jiharsa ko na Ƙaramar Hukumarsa. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.